Shin tsohon masuncin Hemingway Yesu ne?

Tambaya: Malam, ina aji biyu a sashen Turanci, kuma muna da jarrabawa a kan The Old Man and the Sea, littafin Ernest Hemingway. Handawut ɗin da na saya ya ce Santiago, tsohon masuncin labarin, shi ne Yesu, yaron da ke taimaka masa almajirinsa ne, kifayen shak kuma shaiɗanu. Wata ƙawata ta ce littafin wa'azin mishan ne a ɓoye. Ina tsoron in rubuta abin da zai kayar da ni, ko ya taɓa mini imani.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata. Alamomin Kiristanci suna nan a littafin, babu musu. Sunan Santiago sunan Yakubu ne da Sifaniyanci, almajirin Yesu da yake masunci. Kwana uku tsohon ya yi yana ja-in-ja da ƙaton kifin da ya haɗiye ƙugiyarsa, igiya tana yanka masa tafin hannu. Da ya hango shak biyu sun nufo shi sai ya yi wata 'yar ƙara, marubucin ya kwatanta ta da ta mutumin da ƙusa ta ratsa hannunsa ta shige itace. Da ya dawo gaɓa, ya saɓa sandar jirginsa a kafaɗa ya hau tudu, ya faɗi, ya zauna hutu har sau biyar kafin ya kai bukkarsa, ya kwanta rub da ciki hannuwa a baje. Hoton ɗaukar gicciye ke nan.

Amma wannan jadawali na "wane shi ne wane" da masu handawut ke sayar muku, shi ne abin da ya ishe ni. Duk shekara sai na yi makin takardu tuli masu jimla iri ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Wani ma ya taɓa rubuta mini cewa zakunan da tsohon ke mafarki almajirai goma sha biyu ne! A wane shafi ya ƙirga su? Yesu a aƙidar Kirista ceton mutane ya zo yi. Wa Santiago ya ceta? Kifi ya kashe, kifin da yake kira ɗan'uwansa, shi da kansa yana tambayar ransa ko zunubi ya aikata, ko girman kai ne ya sa shi. Ya ce shi ba mai addini ba ne, sannan ya shiga ciniki: in ya kama kifin zai yi addu'o'i goma-goma, ya kai ziyara wurin Maryamu ta Kobre, wani wurin ibadar Katolika a Kyuba. Hotunan addinin da ke bangon ɗakinsa ma na marigayiya matarsa ne. Bayan kwana 84 babu kamu, abin da ya kawo gida ƙashin kifi ne mai tsawon ƙafa 18, shak sun cinye naman. Mai wa'azin mishan ba haka yake rufe labari ba, sai ki gaya wa ƙawarki.

Hemingway kansa, a wasiƙar da ya aika wa masanin tarihin zane-zane Bernard Berenson a 1952, shekarar da littafin ya fito, ya ce teku teku ne, tsoho tsoho ne, shak kuma shak. Ban ɗauki maganar duka ba, don wanda ya rubuta zancen ƙusa ya san abin da yake yi. Aron hoton gicciye ya yi don wahalar talakan masunci na Kyuba ta yi nauyi a idon mai karatu. A takardarki ki ce marubucin ya kamanta, kada ki ce Santiago "shi ne".

Batun imani kuwa, in kin rubuta "a aƙidar Kirista" kin bayyana abin da wasu suka gaskata ne, ba ki yi shahada da shi ba. Littafin gajere ne, yini ɗaya ya ishe ki. Ajiye handawut ɗin, ki fara daga inda shak na farko ya ɓullo.