Namiji da Mace a Gaban Cuta da Magani: Amsoshin Likita ga Masu Karatu

Tambayoyin wannan makon duk sun taru a kan abu guda, wato yadda jikin namiji da na mace suke bambanta wajen kamuwa da cuta da karɓar magani. An taƙaita wasiƙun, an kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Mahaifiyata ta yi ta fama da tashin zuciya, da ciwon baya tsakanin kafaɗu, da kasala mai tsanani. Mun ɗauka gyambon ciki ne, sai da numfashi ya fara yi mata wuya muka kai ta asibiti, aka ce bugun zuciya ne. Ashe ba ciwon ƙirji ne alamarsa ba?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Ciwon ƙirji shi ne alamar da aka fi gani a wurin maza da mata baki ɗaya, sai dai mata sun fi zuwa da wasu alamomin, ko tare da shi ko a madadinsa, irin su amai, ƙarancin numfashi, ciwon muƙamuƙi ko na baya, zufa mai sanyi, da gajiyar da ba a san dalilinta ba. Ciwon jijiyoyin zuciya yakan riski mata shekara 7 zuwa 10 bayan lokacin da yake riskar maza, galibi bayan al'ada ta ɗauke, shi ya sa har wasu ma'aikatan lafiya suke ɗaukarsa ciwon maza. Kuma an fi samun mata da matsala a ƙananan jijiyoyin da ke cikin naman zuciya, waɗanda hoton manyan jijiyoyi ba ya nunawa, har a sallami mace a ce komai lafiya alhali jini ba ya isa zuciyarta yadda ya kamata.

Ko gwajin jinin ma yana da labari. Idan naman zuciya ya ji rauni yana sakin wani furotin mai suna tiroponin, kuma an daɗe ana auna shi da ma'auni ɗaya ga kowa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Edinbura suka nuna cewa idan aka yi amfani da gwaji mai kaifi, aka sa iyakar mata a nanogiram 16 a kowace lita, ta maza kuma 34, adadin matan da ake gano suna da bugun zuciya yana ninkawa, daga kashi 11 zuwa 22 cikin 100, na maza kuwa da ƙyar ya motsa. Duk macen da ta manyanta, musamman mai hawan jini ko ciwon suga, idan irin waɗannan alamomi suka zo mata kwatsam, a garzaya da ita asibiti a nemi a duba zuciya tun kafin a ɗora laifin a kan ciki.

Tambaya: Ni da iyalina muna fama da rashin barci. Likita ya rubuta mana zolpidem, ni miligiram 10, ita 5, alhali ta fi ni jiki. Kuskure ne?

Amsa: Malam, likitanka yana da hujja. A watan Janairun 2013 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta rage adadin da ake ba mata na wannan magani daga miligiram 10 zuwa 5, domin an gano jikin mace ba ya fitar da shi da sauri kamar na namiji, har gari ya waye da sauransa a jininta, wanda zai iya sa ta gyangyaɗi a kan sitiyari. Hukumomin Turai ba su bi wannan sahu ba, kuma masana suna ta muhawara a kan nawa ne rabon jinsi a ciki, nawa ne na nauyin jiki. Abin da ya fi damuna shi ne maganin ya shekara 20 a kasuwa kafin a waiwayi batun.

Jinkirin yana da asali. A ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961 an ba masu juna biyu maganin talidomaid domin laulayi, aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Saboda tsoron maimaituwar haka, a 1977 FDA ta ba da shawarar a cire matan da za su iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magunguna. Niyyar kariya ce, amma ta bar mata suna shan magungunan da aka auna a jikin maza. Babban binciken da ya nuna asfirin yana rage bugun zuciya, wanda rahotonsa na ƙarshe ya fito a 1989, an yi shi ne a kan likitoci 22,071, dukkansu maza. Da aka yi makamancinsa a kan mata kusan 40,000, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna amfanin da suka samu ya fi karkata ga rage shanyewar ɓarin jiki. Sai a 1993 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta sanya mata cikin binciken da gwamnati ke biya.

Tare da haka, magunguna kaɗan ne ƙwarai aka bambanta adadinsu bisa jinsi, kuma sau da yawa shekaru, da nauyi, da lafiyar ƙoda da hanta sun fi shi tasiri. Kada mace ta ji wannan ta raba ƙwayar hawan jininta biyu da kanta, kai ma kada ka ƙara wa iyalinka daga naka.

Tambaya: An tabbatar ina da cutar lufus. Duk ranar da na je ganin likita, mata ne zalla a layin. Me ya sa?

Amsa: Malama, Allah ya sauƙaƙa. Idonki bai yaudare ki ba: cikin kowane mutum 10 masu lufus, cutar da garkuwar jiki ke kai wa jikin mai ita hari, kusan 9 mata ne, kuma idan aka haɗa duk cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, wajen huɗu cikin biyar na masu fama da su mata ne. An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadaran homon kaɗai, kuma suna da hannu, tunda cutar ta fi tasowa a shekarun haihuwa. Amma akwai shaidar da ta tilasta wa masana duba wani wuri: mazan da aka haifa da ƙarin kromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na X, wato XXY maimakon XY, haɗarin lufus a wurinsu ya ninka na sauran maza kusan sau 14, duk da cewa ba su da homon irin na mata.

Mace tana da X biyu, namiji ɗaya, kuma X yana ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 800, da yawansu na garkuwar jiki ne. A 1961 masaniyar Ingila Mary Lyon ta gano cewa kowace ƙwayar halitta a jikin mace tana rufe X guda, domin kada aikin ya ninka. Rufewar ba ta cika ba. Wasu ƙwayoyin gado suna kubcewa, daga ciki har da TLR7, wanda ke faɗakar da jiki zuwan ƙwayoyin cutar bairos, kuma idan aikinsa ya yi yawa yana kai wa ga lufus. Sannan a 2024 ayarin Howard Chang na Jami'ar Stanford ya nuna cewa Xist, abin da ke lulluɓe X ɗin ya rufe shi, yana tara furotin masu yawa a jikinsa, garkuwa kuma tana iya ɗaukar wannan tarin a matsayin baƙo. Da suka sa ɓeraye maza masu saurin kamuwa da cutar suka riƙa samar da Xist, sai alamomin lufus suka tsananta a jikinsu. Wannan bai zama magani ba tukuna, don haka ki ci gaba da shan wanda aka ɗora ki a kai, ki guji zafin rana, ki kuma sanar da likitanki tun kafin ki ɗauki ciki.

Tambaya: Lokacin korona maza sun fi mutuwa. Ke nan jikinmu ya fi rauni?

Amsa: Alhaji, a fagen yaƙi da ƙwayoyin cuta, a jimlace haka ne. Ayarin Akiko Iwasaki na Jami'ar Yale ya nuna a 2020 cewa mata masu korona sun fi maza tayar da sojojin garkuwa da ake kira T, bambancin kuma ya fi fitowa a tsofaffi. Tarin fuka ma ya fi kama maza. Amma ba halitta ce kaɗai ba, domin shan taba, da irin sana'a, da jan ƙafa wajen zuwa asibiti duk suna ciki. Kuma sakaci yana aukuwa ta ɓangaren maza ma: zaizayar ƙashi ana ɗaukarta cutar mata, alhali namiji ɗaya cikin biyar da suka haura 50 zai samu karaya a dalilinta, kuma maza sun fi mutuwa bayan karayar ƙugu.

Tambaya: Ni ɗalibar kimiyya ce. Na lura yawancin binciken da muke karantawa ɓeraye maza aka yi amfani da su. Akwai dalili?

Amsa: 'Yata, dalilin da aka daɗe ana bayarwa shi ne homon ɗin ɓera mace yana hawa da sauka duk kwana 4 zuwa 5, wai zai rikita lissafi. Wani nazari na 2011 ya gano cewa a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, binciken da aka yi da maza zalla ya ninka na mata zalla fiye da sau 5. Da aka tattara ɗaruruwan bincike a 2014 aka auna hujjar kanta, sai aka ga sakamakon matan bai fi na mazan warwatsuwa ba. A 2015 kuma ɗakin gwajin Jeffrey Mogil a Jami'ar McGill ta Kanada ya nuna cewa ciwo mai daɗewa yana bi ta wasu ƙwayoyin lakka da ake kira maikurogiliya a ɓeraye maza, a mata kuwa ta ƙwayoyin T, har maganin da ya kwantar da ciwon mazan ya kasa yi wa matan komai. Daga 2016 Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, NIH, suka shardanta wa mai neman kuɗin bincike ya yi la'akari da jinsi ko ya kawo uzuri mai ƙarfi. An samu ƙaruwar masu haɗa jinsin biyu, sai dai da yawansu suna cakuɗa sakamakon wuri guda. Idan kina karanta bincike, ki duba ko an fitar da alƙaluman maza daban, na mata daban, da kuma ko adadin kowane ɓangare ya isa a gina hukunci a kansa.