Tambaya da Amsa: Maigida ya kafe sai mun koma garin kan dutse

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema. Yaranmu biyu ga na uku a hanya wata biyar kenan, shi maigidan aikinsa na kwamfuta ne ta intanet ko ina ya zauna zai iya yi, to tunda muka je hutu wani gari a kan tsauni bara shikenan ya kafe shi dai irin wurin nan zamu koma da zama, wai ba zafi ba sauro ba hayaniya yara su tashi cikin iska mai kyau. Yanzu haka garuruwa uku ya rubuta min a takarda wai in zaɓa. Ni ma wallahi wurin ya burge ni amma gabana faɗuwa yake, kwana biyar fa kawai muka yi. Me zan duba kafin in ce to? Daga Maman Biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Faɗuwar gaban nan taki tana da dalili, domin garin da kuka gani a kwana biyar ɗin hutu, lokacin da gari ya yi daɗi kuna otal ana kawo muku ruwan zafi, ba shi ne garin da zaki yi goyo a cikinsa ba.

Ki karɓi takardar nan, gaban kowane gari ki sa ya rubuta miki tsayinsa a mita, yana nan a intanet ba wuya. Mutane suna cewa "kan dutse" kamar duk ɗaya ne alhali akwai tazara sosai. Nairobi wajen mita 1,800 take, Addis Ababa wajen 2,350, Kito ta ƙasar Ikwado 2,850, La Paz ta Bolibiya kuwa ta kai 3,600. Duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, wannan shi ne sanyin da ya sace zuciyar maigidanki, amma iskar ma tana yin shara-shara, duk numfashi ɗaya oksijin ɗin da ke shiga jiki ya ragu. Ƙasa da mita 1,500 yawancin mutane basa jin komai. Daga wajen 2,500 ne ake fara ciwon kai da haki da rashin barci, mai lafiya yakan saba cikin 'yan kwanaki ko makonni, amma ba kowa bane mai lafiyar.

To ga inda nake so ki buɗe kunne. Kun san rukunin jininku, ina nufin AA ne ko AS ko SS? In akwai mai sikila a yaran to garin mai tsayi sosai ki soke shi kawai ba sai an yi doguwar muhawara ba, ƙarancin oksijin na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Kai har mai AS da bai taɓa sanin yana da wata matsala ba, a can sama saifarsa tana iya toshewa ya kama ciwon ciki ta hagu mai tsanani. Haka mai ciwon zuciya ko na huhu sai ya ga likita tukunna. Sannan ke kanki, jariran da ake haifa a tudu sun fi zuwa da ƙarancin nauyi, kusan giram 100 ne ke raguwa a duk mita 1,000, kuma hawan jinin masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake kai wa ga jijjiga, ya fi yawa a wurare masu tsayi. Ba wai ba a haihuwa a can bane, miliyoyin mata na haihuwa lafiya ƙalau, amma ni dai da ni ce ba zan kwashi kaya da cikin wata biyar ba, zan bari in sauka tukunna.

Sai asibiti. Kar ki tambayi kilomita nawa ne, a dutse kilomita ƙarya take yi, hanyar da a taswira kamar ka miƙa hannu ka taɓo sai ki ga awa biyu ce ta kwana-kwana. Tambayar ita ce minti nawa zuwa inda ake tiyatar haihuwa kuma akwai jini da oksijin, da ƙarfe biyun dare, ana ruwa ko hazo ya rufe hanya. Kuma hanya nawa ce ke shiga garin? In ɗaya ce tal, ranar da dutse ya gangaro ya tare ta ku da likita da motar kayan masarufi sai dai kallo daga nesa.

Maganar zaftarewar ƙasa ba tsoratarwa bace. A Agustan 2017 a gefen Firitawun ta Saliyo, bayan ruwan sama na kwanaki, gefen dutse ya sulluɓo da sassafe mutane na barci, waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace sun haura 1,000. A 1985 dutsen Nebado del Ruwis a Kolombiya ya yi aman wuta ya narkar da ƙanƙarar kansa, taɓo ya binne garin Armero, mutum sama da 20,000 suka mutu. Don haka in kun je duba gida ki bar maigida yana ɗaukar hoton gajimare, ke ki zagaya baya. Ki duba bango ko akwai tsagewa da aka liƙe da sabon siminti, ƙofa tana rufuwa daidai ko sai an banka, turakun wuta da bishiyoyin gangaren a tsaye suke ko duk sun karkata gefe ɗaya kamar masu ruku'u, in sun karkata to ƙasar wurin tafiya take a hankali. Gidan da ke bakin kwazazzabo ko ƙarƙashin gangaren da aka sare wa bishiyoyi ko kyauta aka baki ki ce kin gode.

Maganar sauro kam maigida yana da gaskiya rabi. Sama da mita 2,000 zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙaranci ƙwarai, Addis Ababa misali ce. Sai dai yaron da ya tashi a can jikinsa bai san cutar ba, ranar da kuka sauko ziyara inda sauro yake in ta kama shi tana iya yi masa mugun kamu, gidan sauro dai ba a yar da shi.

Abin da ya fi bani tsoro ma sanyin ne, ko in ce abin da sanyi ke sa mutane yi. Na taɓa kwana a irin garin nan, dare ya yi sanyi har cikin ƙashi, muka shigo da gawayi ɗaki muka toshe ƙasan ƙofa da tsumma muna jin daɗi. Cikin dare na farka kaina kamar ana sara da gatari, ga tashin zuciya, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, da rarrafe na kai ga taga. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma yara ta fi saurin kayarwa. Ki tambayi da me ake ɗumama gidan, hayaƙin ta ina yake fita, nawa abin ke ci a watannin sanyi.

Ƙananan abubuwa kuma: ruwa a mita 3,000 yana tafasa ne tun a digiri 90, girki zai riƙa cin lokaci da gas. Rana ta fi ƙuna duk da sanyin, a sa wa yara hula. Gishiri ki tabbatar mai aidin ne, ƙasar duwatsu ba ta da shi sosai shi ya sa maƙoƙo ya addabi mutanen Suwizalan har suka fara zuba aidin a gishiri a 1922.

Shi kuma maigida, tunda abincinku a intanet yake, ya gwada sabis a cikin ɗakin da zai zauna ba a tsakiyar gari ba, dutse na tare sabis, gida biyu a layi ɗaya wani na da shi wani babu. Makaranta ma ku duba har sakandare, kar yara su kai shekara 12 a ce sai kwana a wani gari. In garin na masu yawon buɗe ido ne ki sani haya na tsada, kuma in lokacinsu ya wuce rabin shaguna a rufe.

Kar ku sayi gida kar ku sayar da komai. Bayan kin haihu ku kama haya wata uku a lokacin da 'yan garin da kansu ke cewa shi ne mafi muni, ki zauna da matan unguwar ki tambaye su a ina suka haihu kuma yaya aka yi suka isa. Ki turo min tsayin garuruwan ukun da sakamakon gwajin jinin yaran, sai mu ga wanne za a fara sokewa.