Amsa kan tabon da ke kama cikin fulas ɗin silba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce cikin fulas ɗinki na silba ya rine da shayi, yana kuma wari, kin wanke da sabulu tabon ya ƙi fita, har kina tunanin jiƙa shi da bilic. Don Allah ki dakata, domin na taɓa yin haka, na bar bilic ya kwana a cikin nawa, da safe kuwa tabon ya fita, amma bayan 'yan makonni sai ga ƙananan ramuka masu tsatsa a gindinsa. Idan kika duba ƙasan irin wannan fulas, sau da yawa za ki ga an rubuta 18/8, wato kashi 18 cikin 100 na ƙarfen kuromiyam ne, kashi 8 kuma nikel. Kuromiyam ɗin ne ke yi masa wata siririyar fata da ke hana tsatsa, sinadarin kulorin da ke cikin bilic kuma yana cinye ta. Soson ƙarfe ma karce ta yake yi.

Ki fara haska cikinsa da fitilar waya ki ga launin tabon. Idan ruwan ƙasa ne, na ganyen shayi ne, maganinsa kuwa bekin soda: babban cokali 2 a fulas mai cin lita 1, ki cika da ruwan zafi, ki bar shi ya kwana a buɗe, kada ki ɗaure murfin. Ranar da ba ni da ita nakan jiƙa farar kanwa, amma sai na tace ta da ƙyalle mai tsabta saboda yashin da ke cikinta. Da safe za ki ga ruwan ya fito kamar shayin da ya kwana, sai ki bi da burushi mai laushi ki ɗauraye sosai.

Idan kuwa fari ne mai kaushi, to ruwan rijiya ko na burtsatse ne ya bar shi, kuma tsami yake so. Ki matse lemon tsami 3 a ruwan ɗumi, ki ba shi kamar minti 30. Kada ki haɗa shi da bekin soda a lokaci guda, domin kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa.

Warin da kika ambata kuma, yawanci a robar murfi yake maƙalewa, musamman idan ana zuba shayi mai madara. Ki zare ta a hankali ki wanke ta daban, sannan ki kife fulas ɗin a buɗe har ya bushe kafin ki rufe.