Amsa: Ciro goro biyu daga jaka ba tare da mayarwa ba

Malama, kin tambayi yiwuwar ciro farin goro biyu a jere daga jaka mai farare 5 da jajaye 3, idan ba a mayar da na farko ba. Amsar ita ce 5/14, domin yiwuwar na farko 5/8 ce, bayan ya fita kuma saura farare 4 cikin goro 7, sai a yi 5/8 sau 4/7 a sami 20/56, wato 5/14.

Ɗaliban da nake koyarwa a Samaru masu shirin WAEC sukan manta cewa jimillar goron ma ta ragu, su rubuta 4/8. Ki riƙa duba sharaɗin tukuna, domin da an mayar da goron, amsar 25/64 ce.