Hukuncin haɗa azumin Litinin da Alhamis da niyyar rage ƙiba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce, shekaruna 39, malamar firamare. Ƙiba ta yi mini yawa tun haihuwata ta biyar, har gwiwoyina na ciwo in zan tashi daga sujada. Abokiyar aikina ta koya mini tsarin da ake yayi yanzu: in rufe baki daga ƙarfe 8 na dare, sai 12 na rana in ci abinci, amma ina shan ruwa da shayi ba sukari. Sai na ce tunda yunwar zan sha, bari in mayar da shi azumin Litinin da Alhamis in samu lada. Wani malami a islamiyyarmu ya ce wanda ya haɗa azumi da neman rage ƙiba ba shi da komai, wai ma ƙaramar shirka ce. Akwai ramuwar kwana 11 a kaina ta azumin da ya wuce lokacin ina goyo, kuma ina shan maganin sukari, Daonil, kullum da safe. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, ya raya zuri'a.

Abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba, da shi zan fara. Daonil, wanda likitoci ke kira glibenclamide, ba ruwansa da kin ci ko ba ki ci ba. Da an haɗiye shi sai ya sa jiki ya saki insulin, sukarin jini ya yi ƙasa. Mai shan sa da safe sannan ta zauna da shayi tsura har azahar tana iya jin hannunta na rawa, gumi mai sanyi ya karyo mata, ganinta ya dushe, wata ma sai dai a ɗauke ta a sume a gaban allo yara na ihu. Don haka hukuncinki daban da na abokiyar aikinki. Ita ya halatta gare ta. Ke bai halatta ki ci gaba ba, da wannan tsarin da azumin nafila, sai kin zauna da likitan da ya rubuta miki maganin, ya sauya miki lokacin sha, ko ya rage, ko ya canza wani. Kada ki taɓa maganin da kanki. In ya amince, ki mallaki na'urar gwajin sukari. Ƙa'idar da masana ciwon suka ba masu azumin Ramadan ita ce, da zarar awo ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, a karya nan take ko da saura minti goma a kira magariba. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi.

Tsarin ƙarfe 8 zuwa 12 kuwa, wanda ya sha ruwa da hantsi bai yi azumi ba, babu saɓani a kai. Al'ada ce ta cin abinci, asalinta halal. Masu kiran sa bidi'a ko koyi da kafirai sun yi nisa da yawa. Ke dai kada ki ƙulla masa niyyar azumi, don a nan ne bidi'ar za ta shigo. In kin nufi samun ƙarfin tsayuwa da sujada, Allah ba ya tozarta kyakkyawar niyya.

Yanzu sai maganar malamin islamiyyarku, kuma ina roƙon ki kai masa wannan cikin ladabi, ba a gaban ɗalibai ba. Maganarsa tana da tushe. Ibn Hazm a cikin Al-Muhalla yana ganin wanda ya yi alwala ya cuɗa niyyar tsarki da ta sanyaya jiki, alwalar ba ta isar masa. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da hadisin ƙudusi na Muslim, inda Allah ya ce wanda ya yi aiki ya haɗa shi da wani a ciki zai bar shi da abin da ya haɗa, da kuma hadisin Abu Umama a Nasa'i kan mutumin da ya fita yaƙi yana neman lada da suna, Manzon Allah (SAW) ya ce ba shi da komai.

To a duba me mutumin nan ya nema: suna, a ce wane jarumi ne. Riya ke nan, neman idon mutane da ibada. Ke wa kike nuna wa? Gwiwarki ce ke ciwo. Wannan bambancin shi Imamu Alƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a shekara ta 684 bayan hijira, ya ware wa babi guda a littafinsa Al-Furuƙ, kuma ya kawo misalinki ƙarara: wanda ya yi azumi don jikinsa ya yi lafiya ko wata cuta ta rabu da shi, tare da nufin azumin, wannan bai ɓata azuminsa ba. Hujjarsa hadisin samari ne, inda Annabi (SAW) ya umarci wanda bai da halin aure ya lazimci azumi don ya karya masa sha'awa. Ai amfanin jiki ne wannan, kuma mai shari'a da kansa ya nuna shi. Da haɗa shi shirka ne, da bai tura samarin sahabbai ga shirka ba. Ga aya ta 198 a Baƙara da ta ɗauke laifi ga mahajjaci in ya yi fatauci. Alhazanmu tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan suna saye suna sayarwa, ba wanda ya ce su sake hajji. Ga Annabi Nuhu (AS) yana kwaɗaitar da mutanensa istigfari da ruwan sama da dukiya da 'ya'ya. Jefa kalmar shirka a kan mace mai neman lafiyarta abu ne mai nauyi, bai kamata ya fita daga bakin malami da sauƙi haka ba.

Inda maganarsa ke da gaskiya shi ne wajen yawan lada. Gazali ya ce a auna wanne ya fi ƙarfi a zuci: in na addini ya rinjaya akwai lada gwargwadon rinjayensa, in na duniya ne ya tuƙa mutum, to ya yi asara. Ki tambayi kanki: da likita zai ce azumin nan ba zai rage miki ko kilo ɗaya ba, za ki tashi sahur ranar Alhamis? In amsar eh ce ko da da ƙyar, alhamdulillahi. In a'a ce, kada ki fasa, ki gyara niyyar tun dare. Hadisin nan da ake yawo da shi a WhatsApp, wai ku yi azumi ku samu lafiya, mai rauni ne, ban kafa hujja da shi ba.

Amma ke ba ma nafila ce a gabanki ba. Bashi ake bin ki, kuma a mazhabarmu makaruhi ne a yi nafila alhali akwai ramuwa. Idan likita ya sahale miki, ki ɗora kwana 11 ɗin nan a kan Litinin da Alhamis da niyyar ramuwa, cikin mako shida kin gama. Tunda don goyo kika sha, abin da ke cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, shi ne ki haɗa da ciyarwa, mudun Annabi ɗaya a kowace rana. Kada ki bari wani Ramadan ya riske ki da sakaci, don wani mudun zai ƙaru. In kuma likita ya ce azumi zai cutar da ke gaba ɗaya, ki sake rubuto mini, hukuncin zai canza.

Abu ɗaya game da ƙibar kanta. A wani bincike da aka wallafa a 2022, likitoci a birnin Guangzhou na ƙasar Sin sun bi mutum 139 shekara guda. Duka an rage musu abinci, rabinsu an ƙara musu da taƙaita lokacin ci zuwa awa 8, kuma ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a nauyin da suka sauke. Ashe yawan abin da ya shiga ciki ne magana. Mace ta wuni da ƙishi, a kira magariba ta zauna gaban ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari da lemon kwalba, bayan isha ta bi da tuwo malmala biyu, wannan sikeli ba zai motsa ba, sukarinta kuwa zai hau. Ki guji shayin rage tumbi da ake tallatawa a Instagram. Da yawansu filasko ne ko danginsa, gudawa kawai suke sawa, mai ciwon sukari kuma ba ta wasa da bushewar jiki.

In kin gama ramuwa kika shiga nafila, ki nemi izinin maigida idan yana gari, ki kwana da niyya, kuma ki sani a wurin Malikiyya wanda ya karya nafila da gangan ba uzuri sai ya rama. Faɗuwar sukari uzuri ce, babu ramuwa a kanki.

Wallahu a'alam.