Ejan ya ce zai "haɗa" mini sitatimen: in biya ko in haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a fannin kimiyyar ƙwayoyin cuta, bara na kammala bautar ƙasa. Ta hannun wani ejan na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a da ke arewacin Ingila, kuɗin makaranta fam 15,000. Mahaifina ya sayar da filinsa aka biya fam 4,000 kafin alƙalami. Yanzu jami'ar ta ce sai na nuna shaidar kuɗi kafin ta ba ni CAS, wato takardar tabbatar da gurbi da ake neman biza da ita, mu kuwa abin da ya rage a hannunmu bai taka kara ya karya ba. Ejan ya ce kada in damu, in kawo naira miliyan biyu zai haɗa mini sitatimen na banki, wai kowa haka yake yi, in na isa can sai in kama aiki in biya sauran. Wallahi Malam barci ya ƙaurace mini. In na biya ina tsoro, in na fasa kuma da wane ido zan kalli Baba?

Wani matashi daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka biya. Ko naira ɗaya kada ka ƙara ba shi har sai ka karanta wannan amsar zuwa ƙarshenta, kuma tsoron da ya hana ka barci ka gode wa Allah da ya sa maka shi, don shi ya hana ka tura kuɗin tun ranar da aka nema.

Tun da har ka kai matakin CAS, ba sai na tsaya yi maka bayanin yadda ake neman gurbi ba. Mu tafi kan lissafi. Abin da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya take son gani shi ne ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin zama na wata tara. Tun daga Nuwamban 2025 kuɗin zaman ya koma fam 1,171 a wata ga wanda zai yi karatu a wajen Landan, fam 1,529 ga na cikin Landan. Kai na waje ne, wato fam 10,539. Ka haɗa da fam 11,000 da ta rage maka a makaranta, ya zama fam 21,539. In ka buga da farashin canji, ya kai wajen naira miliyan 40. Kuɗin nan sai sun kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun gaza adadin ba ko da na wuni ɗaya, kuma ranar ƙarshe a sitatimen ɗin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka miƙa takardar neman biza. Asusun kuma naka ne ko na mahaifi ko mahaifiya ko mariƙin da doka ta sani. Na kawu ko na yaya ba ya shiga, komai arzikinsa, komai ƙaunar da yake yi maka. Ban sa kuɗin biza da kuɗin inshorar lafiya na fam 776 a shekara da gwajin tarin fuka da tikitin jirgi ba.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wadda ba a yin mako ban ji ta ba: "Ai shaidar kuɗi ta nuni ce kawai." Wai wata ƙa'idar takarda ce da Bature ya ƙirƙiro don ya wahalar da mutane, in ka samu wanda ya san hanya ya zagaye maka ita, shi ke nan ka tsallake. A kan wannan jumla guda ejan-ejan marasa tsoron Allah suke gina gidaje, iyaye kuma suna rasa nasu.

Idan ejan ya ce zai "haɗa" sitatimen, ɗayan biyu yake nufi. Ko dai ya zauna gaban kwamfuta ya ɗauki sitatimen ɗinka mai naira dubu tamanin ya mayar da ita miliyan 45, ya manna tambarin banki, ko kuma ya haɗa ka da masu ba da hayar kuɗi, su zuba maka a asusu, su ɗaure asusun yadda ko kwabo ba za ka iya cirewa ba, bayan an ba ka biza su kwashe abinsu, su riƙe ladan da ka biya.

Na farkon, jabu ne tsagwaronsa. Masu duba takardun biza suna tuntuɓar bankuna su tabbatar, kuma aikinsu ke nan safe da yamma. Sun ga sitatimen na bankunan Najeriya fiye da yadda ejan ɗinka ya gani. In suka kama, ba hana biza kaɗai ba ne. Dokarsu ta ce wanda ya yi yaudara a takardar neman biza ana iya rufe masa ƙofa har shekara 10. Sannan duk ranar da ka zo cika fom ɗin Kanada ko Ostireliya za ka tarar da tambayar ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza. Ka ce e, ka shiga dogon bayani. Ka ce a'a, ka yi ƙarya ta biyu, alhali ƙasashen nan suna musayar bayanai da hoton yatsu a tsakaninsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa rami ne da wani ya haƙa ya karɓi lada, kai ka faɗa.

Kuma kada ka ce za ka kare kanka da cewa ejan ne ya yi, kai ba ka sani ba. Sunanka ne a fom, kai ka amince cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne, yatsunka aka ɗauka. Akwai wani yaro da ya zo ofishina da yayansa, riƙe da takardar hana biza a cikin ambulan ruwan ƙasa, duk ta yi laushi saboda yawan buɗewa da naɗewa. Na ce ya buɗe mini imel ɗin da aka nemi bizar da shi in ga abin da aka tura. Ya dube ni, ya dubi yayansa. Bai san adireshin ba, balle kalmar sirri. Ejan ne ya buɗe, ejan ne yake amsa wa jami'a da sunansa. Da muka bi diddigi, sai ga sitatimen na wani banki da yaron bai taɓa taka ƙofarsa ba. Yayan ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, "Malam, shanun gado muka sayar." Lambar ejan kuwa tun ranar da takardar ta fito take a kashe.

Na biyun, wato kuɗin haya, shi ya fi ruɗin mutane, don za a ce maka ai kuɗin gaske ne, banki ma zai tabbatar. To, banki zai tabbatar suna ciki, amma sharaɗin shi ne kuɗin su kasance naka ne da za ka iya kashewa a kan karatun. Asusun da bai taɓa riƙe naira dubu ɗari biyu ba, rana ɗaya a wayi gari da miliyan 45 a ciki, wa zai gani bai yi tambaya ba? Jami'o'i da kansu yanzu suna tsananta bincike kafin su ba da CAS, saboda jami'ar da aka cika hana ɗalibanta biza tana iya rasa lasisin ɗaukar ɗalibai daga waje. Ana iya kiranka hira ta bidiyo a tambaye ka wa ya ba ka kuɗin, mene ne sana'arsa, me ya sa ka zaɓi wannan kwas a wannan gari. Wanda aka haddace wa amsa, tambaya ta uku take kayar da shi.

Amma mu ɗauka ka tsallake. An buga maka biza, an yi walima, an raka ka filin jirgi. Nan ne ainihin abin yake farawa, kuma nan ne ejan ba ya taɓa kai labarinsa. Ka sauka da bashin fam 11,000 a wuyanka da aljihu wayam. Doka ta ba ɗalibi damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, ba ƙari. Mafi ƙarancin albashi da aka sa a Afrilun 2025 ga mai shekara 21 zuwa sama shi ne fam 12.21 a awa. Buga lissafi: fam 244 a mako, wato a wata ba ka cika fam 1,060 ba. Gwamnatinsu da kanta ta ce zaman wata yana cin fam 1,171. Ka ga ko da ka samu aiki ranar da ka sauka, ka cika awoyinka kaf ba ciwo ba fashi, kuɗin ɗaki da abinci da mota ma ba ka rufe ba. Daga ina fam 11,000 za ta fito? Za a ce maka ai lokacin hutu ana aiki cikakke. Ɗalibin digiri na biyu na shekara ɗaya, watannin bazara na rubuta kundin bincike ne, kuma yawancin jami'o'i suna lissafa su a lokacin karatu. Sana'ar kai, irin ta kai saƙon abinci a matsayin mai zaman kansa, an hana ɗalibi. Ka wuce awa 20 a ɓoye, ka karya sharaɗin biza. Ka kasa biyan makaranta, a rufe maka shafin karatu, a sanar da hukuma, a yanke bizar.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A farkon 2023 fam ɗaya ba ta kai naira 600 ba a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,900. A watan Mayun 2024 labari ya bazu na ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside ta Ingila da suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da karatunsu, wasu aka aiko musu takardar su bar ƙasar. Waɗannan fa mutane ne da suka tafi da kuɗinsu na gaske, faɗuwar naira ce ta cinye. To ina ga wanda ya tafi da kuɗin da tun asali babu su?

Abin da yake ƙona mini rai shi ne yadda muke taya maƙaryata talla. Yaro yana can yana kwana a falon wani, yana wankin tsofaffi da dare, da safe ya shiga aji yana gyangyaɗi, amma hoton da zai saka a Facebook na dusar ƙanƙara ne da jibgegiyar riga. Ba zai faɗi gaskiya ba don kada a yi masa dariya a unguwa. Uwa ta gani ta ce ɗan wance ya tafi, kai me kake jira? Sai a ɗauki takardar fili. Kuma a ce wai "kowa haka yake yi". Wane kowa? Waɗanda aka kama ba sa zuwa majalisa su ba da labari, shi ya sa kake jin na waɗanda suka tsallake kaɗai. Ejan na ƙwarai yana nan, ban ce babu ba, amma shi jami'a ce take biyansa kamasho a kan kowane ɗalibi, kuma jami'o'i suna wallafa sunayen wakilansu na kowace ƙasa a shafinsu. Duba ka gani ko naka yana ciki. Sannan mu ji tsoron Allah: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, bai ware ha'incin da aka yi wa ofishin biza ba. Kuɗin hayar nan kuma, ka karɓi kuɗi ka mayar da su da ƙari saboda sun kwana a wurinka, ka tambayi kowane malami a Zariya ya gaya maka sunan abin. Ilimin da ake so a yi wa al'umma aiki da shi, a fara shi da takardar jabu da riba?

Kuɗin filin Baba bai salwanta ba tukuna, kuma hanyar da za ta salwantar da shi ita ce wadda ejan yake nuna maka. Jami'o'i da yawa suna mayar da kafin alƙalami in an hana ɗalibi biza, amma ban da wanda aka hana saboda takardun ƙarya. Don haka gobe ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kanka, daga imel ɗinka, ka ba su lambar ɗalibinka, ka ce daga yau kai za a riƙa tuntuɓa. Ka tambaye su abu uku: ko fam 4,000 ɗin ta shiga asusunsu da sunanka, ko za su ɗage maka gurbin zuwa zango na gaba ko shekara mai zuwa, da kuma ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi a rubuce. Tambayar farkon ba wasa nake ba, na sha ganin rasit ɗin da jami'a ba ta san da shi ba.

In an ɗage, kana da shekara guda ta neman tallafi na gaske. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, ba a biyan ko sisi wajen nema, ana buɗewa a watan Agusta, sai dai suna son shekara biyu ta gogewar aiki, awa 2,800, ka lissafa ka ga inda ka tsaya. Akwai kuma tallafin karatu na Commonwealth ta hannun hukumar tallafin karatu ta tarayya. Ita kanta jami'ar ka tambaye ta rangwamen da take yi wa ɗaliban waje. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sa sunanka a jerin ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan'uwan ejan ɗinka ne.

Baba kuma, kada ka bari ya ji a bakin wani. Ka same shi bayan sallar isha'i, lokacin da gida ya yi shiru, ka tafi da takarda da biro, ka rubuta masa fam 21,539 a gefe ɗaya, abin da ke hannunku a ɗaya gefen, ka gaya masa abin da ejan ya nema da abin da zai biyo baya in an kama. In jami'a ta amsa, ka turo mini amsar tasu kafin ka sa hannu a kan komai.