Amsar tambayarka kan jiragen kulob

Toh ɗan ƙanena, ka ce tunda ka fara zuwa rumfar gyara kanka ya ɗaure, kana ganin jiragen ruwa masu filafili iri ɗaya sak har guda shida a jere ga wasu daban a gefe, me yasa kulob ɗin jami'a bazai sayi kala-kala ba, kuma da wanne zaka fara koyo.

Waɗancan shidan Firefly ne, su ne abincinka a wannan sana'ar indai a jami'o'in Ingila kake. Wani Bature Uffa Fox ne ya zana shi, aka fara ƙera shi a 1946, tsawonsa ƙafa 12, har gasar Olamfik ta 1948 da shi aka yi tseren mutum ɗaya. Da can da katako ake yinsa, yanzu duk faiba ne. Dalilin da suke shida kuwa irin tseren da ɗalibai suka fi so ne, jirgi uku da jirgi uku, mutum biyu a kowanne, wanda ya zo na ɗaya maki 1 na shida maki 6, jimla 21, ƙungiyar da ta tara 10 ko ƙasa da haka ita ta ci. Kaga kenan zuwa na ɗaya kaɗai baya isa, shiyasa zakaga wanda yake gaba ya dawo yana tare abokin hamayya yana toshe masa iska don ɗan uwansa ya wuce, kuma a wajen wannan cakuɗar ne suke karo da juna, goshi ya fashe gefe ya tsage, Litinin da safe duk a kanka zai ƙare.

Nan ne nake so ka buɗe kunne. Ƙungiyoyi karɓa-karɓa suke yi da jiragen nan, suna sauka wasu na hawa, saboda haka dole shidan su zama daidai wa daida. In ka canza wa ɗaya filafili sabo ka bar biyar da tsoho ka ɓata tseren tun kafin a hura usur. In ka lafta faiba da gam wajen faci har jirgi ya ƙara nauyi shima ka ɓata. Tsaurin wayoyin da suke riƙe doguwar sandar filafili, tsawon igiyoyi, yadda sandar ta ɗan karkata baya, duk da tef zaka auna ka rubuta a littafi, banda aikin ido. Yara masu sabon hannu suna son su goge jirgi ɗaya da samfefa har yana ƙyalli don a yaba musu, ni wlh gara min shida masu ɗan tabo amma gudunsu ɗaya.

Na mutum ɗaya da kake gani a kife kan katako Laser ne, yanzu ILCA suke ce masa, aikin Bruce Kirby ɗan Kanada. Tsawonsa mita 4.23, gangar jikin bata kai kilo 60 ba. Jiki ɗaya ne amma filafili girma uku, ka canza gindin sanda da ƙyallen sai ya dace da mai nauyi ko mara nauyi. Ciwonsa ramin da sanda take zama ne, yashi yana shiga yana cin gindin ramin a hankali. Cika shi da ruwa ka bashi ɗan lokaci, in ruwan ya ragu toh yana yoyo, kar ka bari ya fita.

Sai 420, sunan ma daga tsawonsa ne mita 4.2, asalinsa Faransa. Shi yana da filafili na uku mai kumbura kamar balan-balan da kuma wayar da na gaba yake rataya ya miƙe a waje don jirgi kar ya kife, igiyoyinsa da yawa, sai hannunka ya faɗa tukunna. A Amurka shi da wani ƙaramin jirgi mai suna FJ jami'o'i suka fi amfani da su, sun cire masa yawancin tarkacen nan. Babban jirgin nan mai dalma a gindi da ake ɗauko sababbin shiga a ciki baya kifewa da sauƙi, shi kam gyaransa sai lokacin sanyi in an ɗago shi daga ruwa.

Jirgin roba mai inji kuma na ceto ne, in bai tashi ba babu ɗalibin da zai taɓa ruwa ranar. Kullum ka fara duba mai, iskar robar, da jar igiyar da direba yake ɗaurawa a ƙafa wadda take kashe inji in ya faɗa ruwa.

Gobe in Allah ya kaimu ka zo da tef da biro, zamu jera Firefly ɗin mu auna wayoyinsu, daga nan in nuna maka yadda ake dama gam.